Teburin Yaya da Ma'aunin Zinariya

A wani gida mai ɗaki uku akwai wata yarinya da kowa yake kira Auta. Tana aji shida a firamare. Kanta yana ja sosai, amma bakinta ya fi kan nata gudu. In ta koyi abu da safe, kafin la'asar sai kowa a gidan ya ji shi, ko yana so ko ba ya so.

Sai dai wata takwas ke nan gidan nan bai ga farin ciki ba.

Yayanta ne mota ta buge a hanyarsa ta dawowa daga makaranta. Ya yi wata uku a asibiti. Da aka sallame shi, a keken guragu aka kawo shi gida. Likita ya ce ƙafafun ba za su ƙara ɗaukar sa ba.

Tun daga ranar Yaya ya shige ɗaki, ya juya wa kowa baya. Da can shi ne gwanin lissafi da zane a gidan. Yanzu littattafansa suna cikin kwali a ƙarƙashin gado. Abokansa sun yi ta zuwa har sun gaji sun daina.

Malamansa suka aiko da takarda. Suka ce in ya koma karatu a gida, zai iya zana jarrabawa tare da 'yan ajinsu. Mama ta kai masa takardar tana murna.

"A ina zan yi karatun?" in ji Yaya. "A kan cinyata? Duk teburan gidan nan babu wanda keken nan yake shiga ƙarƙashinsa. Ku bar ni kawai, Mama."

Mama ta fito tana share ido da gefen zane.

Baba kafinta ne. Rumfar aikinsa tana bayan gida. Hannunsa yana nan da ƙarfinsa, amma idonsa ya yi rauni. Yana ganin mutum, yana ganin katako, sai dai ƙananan lambobin tef ɗin awo sun zama masa dishi-dishi. Don haka Auta ce idonsa. Ita take karanta tef, ta ja layi da fensir, shi kuma ya yanka.

Da ya ji abin da Yaya ya faɗa, sai ya hau kan benci, ya sauko da wani jan katako daga saman rumfa. Shekara da shekaru yana ajiye da shi. Ya ce bai taɓa samun aikin da ya cancanci katakon nan ba sai yau.

"Zan yi wa yayanki tebur," ya ce wa Auta ƙasa-ƙasa. "Nasa na kansa, wanda kekensa zai shige ciki. Kada ki gaya masa."

"Ni? Bakina gum, Baba."

"Bakinki?" Baba ya yi ɗan murmushi. "To, mu gani."

Da rana, Yaya yana barci, suka lallaɓa ɗakinsa. Baba ya ɗora tef daga ƙasa zuwa saman hannun keken. Ya ƙara faɗin yatsu biyu, ya danne wurin da babban yatsa. Auta ta leƙa, ta rubuta a takarda ba tare da ta yi magana ba, don kada Yaya ya farka. Santimita saba'in da takwas. Tsawon ƙafafun tebur ke nan.

A makon nan ne malamar lissafi ta shigo aji da takarda da almakashi.

"Yau zan nuna muku wani abin mamaki," ta ce. Ta ɗaga takardar. "Tsawonta santimita ɗari. Faɗinta kusan sittin da biyu. Ku zuba ido."

Ta yanke wani yanki mai ɓangarori huɗu daidai wa daida, ta ajiye gefe. Ta ɗaga guntun da ya rage.

"Me kuka gani?"

Auta ta yi zumbur ta miƙe. "Malama, kamanninsa ɗaya da babbar takardar! Ƙarami ne kawai!"

"Madalla." Malama ta sake yankewa. Abin da ya rage ya sake fitowa da kamanni iri ɗaya. Ta sake, ya sake. Aji ya ɗauki sowa.

"Masana lissafi suna kiran wannan ma'aunin zinariya," in ji Malama. "In ka raba dogon gefe da gajeren, za ka samu ɗaya da ɗigo shida da 'yan kai. Biyar da takwas sun yi kusa da shi. Takwas da sha uku sun fi kusa. Akwai magina da masu zane da suke amfani da shi, don suna ganin yana yi wa ido daɗi."

Shi ke nan, Auta ta samu abin yi. Ta dawo gida da rula a hannu, ta auna ƙofa, ta auna madubi, ta auna har murfin akwatin Mama.

"Mama, tagar nan ba ta da kyau. Ba ta kan ma'aunin zinariya."

"To ki gaya wa iskar da take shigowa ta cikinta," in ji Mama. "Matsa mini, ina shara."

Ranar Asabar aka ci gaba da aikin tebur. Baba ya riga ya gyara saman, tsawonsa santimita ɗari cif. Saura ƙafafu. Ya shiga cikin gida shan ruwa, ya bar Auta da takarda da fensir.

Ta dubi lambobin. Ɗari a tsawon saman, saba'in da takwas a ƙafafu. Ta raba a gefen takarda, ta yamutsa fuska. Ko kusa da zinariya bai yi ba.

"Teburin Yaya guda, a ce ba shi da kyau?" ta ce a ranta. "Ai shi ya kamata ya fi kowane tebur kyau a duniya."

Da gaske tana son yayanta, wannan ba ƙarya ba ne. Amma akwai wani abu kuma. Ta hango kanta ranar Litinin tana ba 'yan aji labari, Malama tana jinjina mata. Wannan hangen ya fi komai yi mata daɗi.

Ta goge saba'in da takwas. Ta rubuta sittin da biyu. Ta ja layi a kan katakon ƙafafu guda huɗu.

Baba ya dawo, ya ɗauki zarto. Kafin ya yanka, sai ya shafa katakon daga ƙarshe zuwa inda yatsan Auta yake. Ya tsaya.

"Auta, kamar sun yi gajarta a hannuna. Kin tabbata abin da muka auna ke nan?"

Gabanta ya faɗi. Nan ne wurin da ya kamata ta buɗe baki ta faɗi gaskiya. Bakin nan da ba ya rufuwa, yau ga aikinsa ya zo.

"Na tabbata, Baba. Haka aka rubuta."

"To," in ji Baba. "Idonki ya fi nawa."

Ya yanka. Ɗaya, biyu, uku, huɗu.

Kwana biyar Baba yana aikin teburin. Ya goge shi har ya yi sumul. Ya shafa masa mai har jan katakon yana ƙyalli. Gaskiya tebur ya yi kyau. Auta tana kallonsa tana jin kanta yana ƙara girma.

Ranar da aka gama, aka kawo shi falo kusa da taga. Mama ta jawo kwalin littattafai, ta goge su ɗaya bayan ɗaya, ta jera a kai. Ta ajiye sabon fensir. Sannan ta shiga ɗakin Yaya. Ta daɗe tana roƙonsa kafin ya yarda ya fito.

Ya turo kekensa a hankali. Da ya ga teburin sai ya tsaya. Ya miƙa hannu ya shafa shi.

"Baba, ba jan katakon nan naka ba ne?"

"Shi ne."

"Ka ce ba za ka taɓa yanka shi ba."

"Na ce sai na samu aikin da ya isa. Matso ka gwada."

Fuskar Yaya ta saki. Rabon da Auta ta ga fuskarsa haka tun kafin haɗarin. Ya kama tayoyin keken, ya tura gaba.

Ƙwas!

Gwiwoyinsa suka bugi bakin teburin. Shi bai ji zafi ba, don ƙafafun ba sa jin komai. Amma kowa a ɗakin ya ji ƙarar.

Ya ja baya, ya sake turawa. Ƙwas! Ya gwada ta gefe. Hannun keken ya tokare. Ya sunkuya ya miƙa hannu don ya kai ga fensir, ya kusa kifawa. Mama ta yi sauri ta riƙe shi.



Yaya ya yi wata irin dariya marar daɗin ji. "Ba komai, Baba. Ba laifin tebur ba ne. Ni ne ba na shiga ko'ina yanzu."

Ya juya kekensa, ya koma ɗaki, ya turo ƙofa.

Mama ta zauna a ƙasa ta rufe fuska. Baba ya durƙusa yana shafa ƙafafun teburin, ɗaya bayan ɗaya.

"Hannuna ya gaya mini," ya ce. "Tun a ɗakin nan na yi kuskure. Yatsana ne ya zame a kan tef, ban gani ba. Yarinya ta rubuta abin da na nuna mata." Ya miƙe da ƙyar. "Kafintan da ba zai iya auna kujerar ɗansa ba, me ya rage masa?"

Auta tana tsaye a jikin bango.  Tsoro ya hana ta faɗin gaskiya.

Washegari Baba ya rataye zarto a ƙusa. Ya lulluɓe bencin aikinsa da buhu. Wani mutum ya kawo kujera a gyara masa, Baba ya ce ya kai wa wani, shi ya daina.

Yaya kuwa ya fi da muni. Da yana barin ƙofa a buɗe kaɗan. Yanzu a rufe take ruf. Abincin da Mama take kai masa, rabi yake dawowa. Ya ce a fitar da kwalin littattafan a ba wa wanda zai amfana.

Teburin yana nan a falo. Ba mai zama a gabansa, ba mai kallonsa. Kowa sai ya kewaye shi ya wuce.

Auta ta rasa inda za ta sa kanta. Abinci ya daina yi mata daɗi.  Ta ce bari ta gyara abin da kanta, ba tare da kowa ya sani ba.

Ta kwaso bulo huɗu, ta sa a ƙarƙashin ƙafafun. Tana dafa teburin ya karkace, ɗaya ƙafar ta zame, ya kusa danne mata yatsu. Ta mayar da bulon inda ta ɗauko.

Ta ruga rumfa neman guntayen da aka yanke daga ƙafafun. Wataƙila a manna su da gam. Ta tona tarin dusar katako har ƙasa, ba ta ga ko ɗaya ba.

"Mama, ina guntayen jan katakon nan?"

"Waɗanda babanki ya zubar? Ai tun ranar na hura wuta da su. Me za ki yi da su?"

"Ba komai."

Ta koma bayan rumfa ta zauna ta yi kuka har kanta ya yi ciwo. Katakon da aka yanke ba ya komawa. Babu kuma wani irinsa a gidan. Ta lalata teburin, ta kashe wa Baba sana'a, ta ƙara tura Yaya cikin ɗaki. Duk da hannunta, da fensir guda.

Kwana shida aka yi a haka.

A makaranta Auta ta daina ɗaga hannu. Malamar lissafi ta lura. Da aka fita tara, sai ta ce mata ta tsaya.

"Auta, lafiya? Ajina ya yi shiru da yawa, har na fara jin tsoro."

Auta ta so ta ce lafiya lau. Hawaye suka riga ta. Ta kwashe labarin duka ta faɗa, tana shessheka.

Malama ta saurara har ƙarshe. Ta jawo kujera ta zaunar da ita.

"Ni ma ina da nawa laifin," ta ce. "Na nuna muku kyan ma'aunin, ban gaya muku iyakarsa ba. Ba doka ba ce, Auta. Akwai gine-gine masu kyau da yawa da ba a yi su da shi ba. Gaya mini, wa zai zauna a teburin nan?"

"Yaya."

"A cikin lambobi biyun, ɗari da kuma saba'in da takwas, wacce ce ta Yaya?"

Auta ta yi tunani. "Saba'in da takwas."

"Ɗarin fa?"

"Ta katako ce."

"To kin gani. Kin bar ta katako, kin rage ta mutum." Malama ta ɗauki alli. "Ma'aunin zinariya bai taɓa cewa sittin da biyu ba. Yana magana ne a kan yadda gefe biyu suke da juna. Da kin fara da saba'in da takwas, sai tsawon tebur ya zama kusan ɗari da ashirin da shida. Nan ma zinariya ce. In katako bai kai ba, sai a haƙura da zinariyar. Mai gini na ƙwarai da mutum yake farawa. In an gama da mutum, sannan a nemi kyau."

Auta ta dubi allo. Abin da sauƙi haka, amma ba ta gani ba.

"Sai dai ba lissafin ne yake cin ki ba," in ji Malama. "Ko?"

Auta ta sunkuyar da kai. "Baba ya tambaye ni ko na tabbata. Na ce na tabbata."

"Kuma har yanzu yana zaton idonsa ne."

"Malama, don Allah ki raka ni ki gaya masa."

"A'a. Ke kika ja layin, ke za ki faɗa. Zai yi wuya, ba zan ɓoye miki ba. Amma kowace rana da kika ƙara, babanki da yayanki ne suke ɗaukar nauyin."

Da ta dawo gida, ko jaka ba ta ajiye ba ta wuce rumfa. Baba yana zaune a kan kututture, hannayensa a kan gwiwa, ba ya komai. Ba ta taɓa ganin hannayen nan a zaune haka ba.

"Baba, ina da magana."

"Ina jin ki."

"Yatsanka bai zame ba. Saba'in da takwas ka auna, daidai ne. Ni ce na goge na rubuta sittin da biyu. Na so teburin ya hau wani ma'auni da aka koya mana. Da ka tambaye ni, na yi maka ƙarya."

 Baba ya daɗe yana kallon ƙasa. Auta ta gwammace ya yi mata tsawa da wannan shirun.

"Kuskure ba ya ba ni tsoro," ya ce a ƙarshe. "Na yanka katako ba daidai ba ya fi sau ɗari. Da kin ce, 'Baba, ga abin da na koyo,' da mun zauna mun duba tare. Amma na tambaye ki, Auta. Na ba ki amanar idona. Kika bar ni kwana shida ina ganin na zama ba komai."

"Ka yafe mini, Baba." Ta durƙusa tana kuka.

Ya bar ta ta yi kukanta. Sannan ya ɗora hannu a kanta.

"Na yafe. Raina ya ɓaci, kuma ba yau zai huce ba, amma na yafe. Tashi. Akwai wanda ya fi ni bukatar jin maganar nan."

Wannan ita ce tafiyar da ta fi tsoro. Daga rumfa zuwa ɗakin Yaya taku ashirin ne kawai. Ta ƙwanƙwasa. Ba amsa. Ta tura ƙofa ta shiga.

Yaya yana kwance, fuskarsa tana kallon bango.

"Yaya, ba kai ne ba ka shiga ba. Ni ce na rage teburin."

Bai motsa ba. Ta ci gaba. Ta faɗi yadda suka auna kekensa yana barci. Ta faɗi takardar Malama da almakashi. Ta faɗi yadda ta goge lambar da yadda ta yi wa Baba ƙarya.

 Har ta juya za ta fita.

"Nawa kika rubuta?" in ji Yaya, bai juyo ba.

"Sittin da biyu."

"Saman kuma ɗari?"

"E."

"Sittin da ɗaya da ɗigo takwas ya kamata ki rubuta. Ko ɓarnar ma ba ki yi ta daidai ba."

Auta ta tsaya baki buɗe. Yaya ya juyo a hankali. Idonsa ya yi ja.

"Kin san abin da na yi ta tunani?" ya ce. "Na ce Baba, wanda duk unguwa ba kamarsa, ya auna ni da hannunsa, ya yanka katakon da ya fi so, amma ban shiga ba. To in shi ya kasa, wa zai iya? Na ɗauka ni ne na lalace har ba a iya yi mini komai."

"Ba haka ba ne, Yaya. Wallahi awon Baba daidai ne."

"Ashe ƙanwata ce ta ga tebur ya fi ni muhimmanci."

Maganar ta soke ta, amma ba ta musa ba. "Ka yi haƙuri. Ban ma tuna da gwiwoyinka ba. Lambar kawai nake gani."

Yaya ya ja dogon numfashi. "Guntayen da aka yanke suna nan?"

"Mama ta hura wuta da su."

"Wane katako ya rage a rumfa?"

"Sai wani baƙi mai tauri. Kalarsu ba ɗaya ba ce."

"Kala ba ta dame ni ba. Miƙo mini fensir da takarda."

Ta ruga falo ta kawo. Yaya ya jingina da matashi, ya ɗora takardar a bayan littafi. Da farko layukan sun karkace, don wata takwas bai riƙe fensir ba. Can sai layuka suka fara miƙewa. Ya zana ƙafar tebur, ya zana ƙarin da za a yi mata, da yadda za a fere bakin ɗaya ya shige cikin ɗaya don kada ya girgiza.

"Kira mini Baba ya ɗora ni a keke," ya ce. "Ba zan bar ki da tef ke kaɗai ba. Ke ki karanta, ni in duba."

Mama tana wanke-wanke ta ga keken Yaya ya wuce ta gabanta ya nufi rumfa. Kwano ya suɓuce mata a hannu. Hawaye suka zubo mata, amma ba irin na kwanakin baya ba.

Baba ya yaye buhun da ke kan benci. Ya sauko da zarto daga ƙusa. Yaya ya bayyana masa zanen, Baba yana gyaɗa kai.

Wannan karon Yaya yana zaune a kekensa aka yi awo. Auta ta durƙusa ta auna daga ƙasa zuwa gwiwarsa, da zuwa hannun keken, ta ƙara faɗin yatsu biyu.

"Saba'in da takwas," ta faɗa da ƙarfi. "A ƙara sha shida a kowace ƙafa, ban da bakin da zai shige ciki."

Yaya ya leƙa tef. "Haka ne."

Baba ya shafa katakon. "Hannuna ma ya yarda."

Kwana uku suka yi suna aiki su uku. Da aka gama, teburin ya tsaya da jan jiki da baƙaƙen ƙafafu daga ƙasa. Kowa ya kalla zai ga inda aka yi ƙari. Auta ta ji kunya.

"Baba, mu shafa fenti mu rufe wurin."

"Tambayi mai tebur."

"A bar shi haka," in ji Yaya. "Nawa ne, kuma haka nake son sa."

Aka mayar da shi falo kusa da taga. Kowa ya riƙe numfashi. Yaya ya kama tayoyi ya tura. Keken ya shige sumul, har cikinsa ya taɓa bakin teburin. Ya ɗora gwiwar hannu biyu a kai, ya zauna daram.

Mama ta yi hamdala. Baba ya juya baya yana goge ido, wai dusar katako ce ta shiga.

Ranar Auta ta koyi abu biyu da ba ta ƙara mantawa ba. Ilimi abu ne mai kyau, amma don mutane ake yin sa, saboda haka da bukatar mutum ake farawa kafin a nemi ado. Kuma wanda aka ba amana ba ya canza abu a ɓoye. In ya yi kuskure, ya faɗi gaskiya da wuri, kafin wasu su ɗauki laifin da ba nasu ba.

Ta matso kusa da teburin, ta buɗe baki za ta fara bayyana wa Yaya duk wannan.

Yaya ya jawo littafin lissafi, ya buɗe shafin farko.

"Auta, matsa gefe," ya ce. "Kina tare mini haske, ga jarrabawa ta kusa."